Shayin Mai Keke

A gidanmu akwai suna guda da manya ba sa faɗa, sunan yayana. Shi ne ɗan fari, kuma a wajenmu iyaye ba sa kiran sunan ɗan fari, ba sa zaman hira da shi, ba sa nuna sun damu da shi a gaban mutane. Inna "wancan" take ce masa. Baba kuwa ya yi shekaru yana ce masa "yaron nan", har sai da yaron nan ya yi gemu ya sayi keke, sannan aka yi masa ƙarin girma ya koma "mai keke". Tun da aka yaye shi kakarmu ta ɗauke shi, ya girma a hannunta can ƙetaren kogin Kwara, bai dawo gidanmu da zama ba sai bayan ta rasu. Ya dawo ƙato, ya tarar da uban da in sun haɗu a zaure ɗaya zai dubi bango ɗaya ya dubi ƙasa.

Ni ce auta, ni kuwa an bar mini bakina. Nakan zauna kusa da Baba in tambaye shi abin da na ga dama, ya ce, "Ɗiyag ga, bakinki ya hi ki tsawo," ya yi dariya. Sau da yawa ina ganin Yaya daga nesa yana gyaran keken da babu abin da ya same shi, kunnensa yana wajenmu. A lokacin ban ɗauki abin a bakin komai ba.

Azumin da nake son in ba da labarinsa shi ne na farko bayan an ce mun sami mulkin kai. Na zo gida goyon ciki, na haifi ɗana na fari, na gama wankan jego, ina jiran mijina ya zo a mayar da ni. Shi kuwa ya tafi fatauci kudu, sai saƙo yake aikowa cewa yana nan tafe. Ina shayarwa, don haka ba na azumi. Duk gidan ni kaɗai ce ke ci da rana, ni kaɗai ce ba ni da aikin yi, kuma ni kaɗai ce na kasa zama. In shiga ɗaki in fito, in leƙa zaure, in koma bakin rijiya, in ɗauki yaro in ajiye. Inna ta ce ko kaza mai neman wurin ƙwai ta fi ni natsuwa.

Ba ni kaɗai ba ce, garin duka haka yake a shekarar. Samari suna ta ɗaure kaya, wasu Ikko, wasu Gwalkwas, wato Gana. A Bagudo an ce akwai akwatin rediyo da ake taruwa a ji, kowa ya dawo da nasa labarin. Mutanen Dahome, da har yau tsofaffinmu ke ce wa ƙasar Faransa, su ma sun sami nasu mulkin kan kafin mu da kaɗan. Mun zaci iyakar za ta tashi tare da Turawan, tun da dangi ne a can da nan, amma ta zauna daram, sai ma masu tsaronta da suka ƙara yawan tambaya. Yaya ta wannan iyakar yake cin abinci. Yakan ɗaura albasa da busasshen kifi a keke, a sa keken a kwalekwale a ƙetare Kwara, ya bi ta daji ya shiga kasuwannin can, ya dawo bayan 'yan kwanaki da atamfa da ashana da labari.

Baba kuwa babu abin da ya canza masa. Yana da lambun albasa a fadama, yana ban ruwa da jigo, ya tsufa amma bai yarda ba. Abu guda yake alfahari da shi a duniya, shi ma ba da baki ba: tun da ya balaga bai taɓa shan azumi ba. Ko ciwo, ko tafiya. Duk garin an san haka, har in yaro ya fara raki da azahar sai a ce masa ya je fadama ya ga tsoho.

Sahur ɗinsa kuwa tun ina yarinya iri ɗaya ne. Inna takan dama masa fura da nono, ba mai kauri ƙwarai ba, ta ɗumama ɗan tuwon dawa da miyar kuka. Miyar sahur dabam take yin ta, ba yaji sosai, ba gishiri sosai, kuma ko mu makwabtan Sarkawa masunta ne, kifi yana ko'ina, ba ta yarda busasshen kifi mai gishiri ya shiga tukunyar asuba ba. Takan ce wanda ya ci gishiri da asuba ya aika wa azahar goron gayyata. Ruwa kuma Baba ba ya ɗura shi lokaci ɗaya. Tun daga shan ruwa moɗa tana gefensa, kurɓi yanzu kurɓi an jima, har a kira assalatu. Yakan jinkirta sahur ɗin har kusa da kiran, in ya gama ba ya komawa shimfiɗa, sai masallaci. Gero yana zama a ciki ya riƙe mutum, shi ya sa za ka ga tsohon nan da la'asar yana jan guga kamar bai san ana azumi ba.

A shekarar ne nono ya yi wuya. Fulanin da ke kawo mana sun kwashe shanunsu sun ƙetare iyaka, wasu suka ce ciyawa suka bi, wasu suka ce jangali suka gudar wa. Inna ta koma dama fura da ruwan tsamiya. Ba laifi, tana riƙe ciki, amma ba ta kai ta nono ba, kuma ranar farko Baba ya ce da ni cikin wasa, furar bana ta rame. Yaya yana tsakar gida yana hura wa keke iska. Ya ji.

Tafiyar da ya yi bayan wannan, ya dawo da wani kwali ɗaure a bayan keke. Ya kira ni bayan rumbu ya buɗe, fuskarsa kamar wanda ya zo da amarya. Ganyen shayi ne, da sukari mai ƙwaya, da madarar gwangwani mai zaƙi da kauri, da kifin gwangwani, da wani dogon burodi na mutanen can wanda hanya ta busar har za ka iya korar akuya da shi. Har da ƙaramar buta da kofi shuɗi.

"Wanga na tsoho na," in ji shi. "Can manyan mutane da shi suka sahur. Duniya ta canza, ƙanwata. Mutum kamar shi ba ya kwana shina shan tsamiya."

Da asubar nan shi da kansa ya hura gawayi. Ya dafa shayin har ya yi baƙi, ya zuba sukari ba ƙidaya, ya tsiyaya madara, ya fasa gwangwanin kifi a kan burodin. Ba zai iya miƙa wa Baba da hannunsa ba, don haka ni na kai. Na ce, "Baba, mai keke yak kawo maka." Baba ya dubi kofin ya daɗe. Sannan ya tsoma burodin ya fara ci. Yaya ya koma gindin rumbu ya zauna a inda fitila ba ta kai ba, yana jin ƙarar kurɓa. Da na fito da kofin da kwanon wayam, sai ya karɓa ya juya su a hannu, ya yi ta kallon cikinsu. Ni ma a ranar daɗi na ji, na ce a raina ga shi yau uba da ɗa sun yi magana.

Furar Inna kuwa ta dawo ba a taɓa ba. Baba ya ce cikin tsoho ba ya ɗaukar biyu.

Haka aka ci gaba. In Yaya yana gari shi ke dafawa, in zai yi tafiya ya bar mini umarni, har da nuna mini yadda ake cika hannu da sukari. Farkon watan da sauran sanyin safiya, ba a ga komai ba. Amma kafin a shiga goman tsakiya zafi ya sauko, irin zafin bakin kogi mai danshi, wanda ko a inuwa kake sai riga ta manne maka.

Da yake ni ce marar aikin yi, ni na fara gani. Kafin hantsi Baba ya ɗauki buta ya kewaya ya fi a ƙirga, ruwan da ya kamata ya zauna a jikinsa yana ta fita. Da safe yana da kuzari har ya yi yawa, ya fita da sauri yana magana da ƙarfi. Sukari wutar kara ce, ta tashi bal-bal ta mutu. In ya dawo sallar azahar leɓensa ya bushe ya yi fari, yana taɓa ƙirji saboda ƙwannafi. Wata rana na ga ya dafa bangon zaure ya tsaya, ido rufe, da ya ji motsina sai ya yi kamar takalmi yake gyarawa. Mutumin da ke dawowa daga fadama yana tsokanata ya koma dawowa ya kwanta a tabarma ba uffan har a kira magariba.

Hankalina ya tashi, kuma ni in hankalina ya tashi kowa sai ya sani. Na sami Inna tana tankaɗe.

"Inna, ba ki ga Baba ba? Shayin ga shina kashe shi."

"Na gani," in ji ta, ba ta ɗago ba.

"To ki hwaɗa ma Yaya mana."

Ta ajiye rariya ta dube ni kamar na ce ta fita kasuwa ba zane. "Ni? Da wane bakin? Tun da nih haihi wancan ban taɓa tsayawa nic ce mai ci ko kak ka ci ba. Yau don ya yi ma ubanai alheri in tare shi in ce ya yi ɓarna?"

"To ki hwaɗa ma Baba ya bari."

"Ubanki ya hi ki sanin cikinai."

Ta ci gaba da tankaɗe, amma na ga garin yana zuba a gefen faifai ba ta kula ba.

Na tafi wajen Baba da kaina bayan shan ruwa, lokacin da ya ɗan dawo hayyacinsa. Na kewaya na kewaya, na ce zafin bana ya yi yawa, na ce an ce shayi yana jawo ƙishirwa, na ce kifin gwangwanin nan gishiri ne zalla. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Abin da anka kawo, an kawo shi," ya jawo tasbaha. Washegari na yi gaban kaina. Yaya ba ya gari, na ƙi hura gawayi, na kai masa fura da ɗumame kamar da. Ya dubi ƙwaryar, ya dubi bayana ko akwai wani abu, ya ce, "Kayan mai keke sun ƙare?" Na so in ce sun ƙare, amma kwalin yana nan a ƙofar ɗakinsa yana kallonmu. Na koma na dafa ina ƙunƙuni, har na ƙone yatsa.

A wannan asubar na gane abin da ke faruwa, kuma ganewar ba ta rage mini haushi ba. Baba ya san shayin yana cutar da shi, ya fi kowa sani. Amma tun da aka haifi Yaya wannan ne abu na farko da ya fito daga hannunsa ya shiga bakin ubansa. In Baba ya mayar da kofin da saura, ba shi da bakin da zai ce, "Na gode, ɗana, cikina ne ba ya so." Kofin nan shi ne duk maganar da ke tsakaninsu, kuma ya gwammace ya sha wuya da ya katse ta. Na dubi ɗana da ke barci a kan gado, wanda ni ma an fara koya mini in kau da kai in ana yabonsa, na ji raina ya ɓaci da kowa da kowa.

Da Yaya ya dawo na tare shi tun bai kwance kaya ba. Ban iya lallashi ba, ban taɓa iyawa ba.

"Yaya, ka bar ba Baba shayin ga. Ba ya riƙe shi. Da azahar kamar ya hwaɗi."

Ya tsaya da igiya a hannu. "Mi kika nuhi? Shi yac ce miki bai so?"

"Ba zai hwaɗi ba, ka sani."

"Kohin na komowa wayam ko da saura?"

"Wayam."

"To." Ya ci gaba da kwance igiya, wuyansa ya kumbura. "Ku kun saba zama gabanai kuna dariya. Ni abu guda nis samu in yi mai, shi ma ya tsone muku ido. Ki tahi ki ji da ɗanki."

Maganar ta yi mini zafi, na mayar masa da wadda ta fi ta, na ce ai sai ya kashe tsohon da sukari sannan ya huta. Muka yi kwana biyu ba ma ga maciji. Ya sake ɗaura albasa ya tafi, ya bar wa Inna sabon kwalin sukari a bakin ƙofa, tun da ni ba ya yi da ni.

A goman ƙarshe ne abin ya faru. Ranar tun hantsi iska ta tsaya cak. An kira azahar Baba bai dawo ba. Na fita zaure na dawo, na sake fita. Inna ta ce wataƙila ya yi salla a can. Na zauna, na tashi, na ɗauki tsintsiya na share inda na riga na share. Daga ƙarshe na saɓa yaro a baya na ce zan je in tsinko zogale a lambu. Inna ta san zogalen gidanmu ya ishi unguwa, amma ba ta hana ni ba, sai ma ta ce in yi sauri.

Hanyar fadama ba kowa, ƙasa tana ƙona ƙafa. Tun daga nesa na hango jigon a tsaye, guga yana lilo shi kaɗai. Rabin kwamin albasa ya sha ruwa ya yi duhu, rabi yana nan fari. Baba yana zaune a ƙasa ya jingina da gindin mangwaro, hularsa a gefe, kansa ya langaɓe. Ruwa yana gudana a 'yar kwata kusa da ƙafarsa. Na durƙusa ina kiran "Baba, Baba," na taɓa goshinsa, zafi kamar murfin tukunya kuma babu gumi ko ɗigo.

Ya buɗe ido, amma ba ni yake gani ba. Ya ɗaga hannu wajen jigon. Sai ya kira sunan Yaya. Sunansa na yanka, cikakke, wanda ban taɓa ji a bakinsa ba tun da na zo duniya. Ya kira sau biyu, na biyun a hankali, yadda ake kiran ƙaramin yaro. Ya ce, "Zo ka amshi gugan ga, na gaji."

Ban san lokacin da na fara kuka ba. Na cire ɗankwalina na tsoma a kwata na jiƙa masa kai da wuya da ƙirji. Na ɗebo ruwa mai kyau a gugan na kai bakinsa da tafin hannu. Ko a wannan halin sai da ya datse leɓe ya kau da kai. Na ce, "Baba, don girman Allah. Allah bai ce ka mutu ba." Na sake kaiwa. Ya haɗiya. Na ji ƙarar haɗiyar, kuma har yau ina jin ta. Na ci gaba da ba shi kaɗan-kaɗan, yaro yana tsala ihu a bayana, har wani makwabcin lambu ya jiyo ya zo da jaki muka kai shi gida.

Liman ya zo da yamma ya ce babu komai a kansa sai ramuwar rana ɗaya, ya ce addini bai ɗora wa mutum abin da zai halaka shi ba. Baba ya ce haka ne, ya juya fuska bango. Bai yi mini faɗa ba, bai kuma yi mini godiya ba. Da na shiga ɗauko kwano na ga hawaye ya bi ta gefen idonsa ya shiga kunne, na yi kamar ban gani ba. Azumin da ya tsare tun yana saurayi ya tafi a tafin hannuna, kuma ko yau aka mayar da ni gindin mangwaron nan haka zan sake yi.

Da asuba Inna ba ta tambayi kowa ba. Ta dama fura da tsamiya, ta ɗumama tuwo, ta kai da kanta. Ya ci. Bai tambayi kayan mai keke ba, amma na ga idonsa ya je kan kwalin ya dawo. Ya ɗauki azuminsa, Inna ta hana shi fadama, makwabta suka karɓi ban ruwan.

Yaya ya dawo washegari da hantsi. Tun a bakin kogi masu kwalekwale suka ba shi labari, suka ce tsufa ne ya kama tsoho. Ya shigo gida a firgice, ya tsaya a ƙofar ɗakin Baba bai shiga ba, ya yi sallama, aka amsa daga ciki, shi ke nan gaisuwar. Sai ya kira ni bayan rumbu, ya manta ba ma magana. Ya fito da gwangwanaye daga jaka yana jerawa a ƙasa.

"Ƙarhi na bai da shi. Gobe ki ƙara mai madara, ki ƙara sukari, kihi biyu za ki hwasa."

Na ji kamar in kwashe gwangwanayen in zuba a rijiya. Na ce masa shayin ne ya kayar da Baba. Na ce sukarin yana barin sa tun hantsi, gishirin kifin yana shanye shi, shayin yana fitar masa da ɗan ruwan da ya sha. Na ce gero da nono ne suka riƙe shi shekara da shekaru. Ya ce ni ba likita ba ce. Na ce shi ma ba likita ba ne, mai keke ne. Ya fara mayar da gwangwanayen jaka da ƙarfi, ya ce ya ji, daga yau ba zai ƙara kawo ko allura gidan nan ba, dama can shi baƙo ne.

Ban yi niyyar faɗa masa ba. Na san Baba ba zai so ba, in ma ya tuna. Amma na ga Yaya zai fita da wannan maganar a ransa, kuma na san irin zuciyarsa, in ya fita da ita ba zai dawo da wata ba.

Na ce, "Da yah hwaɗi, ba ni yak kira ba. Kai yak kira."

Ya tsaya. "Mai keke yac ce?"

"A'a. Sunanka."

Ya juyo gaba ɗaya ya dube ni ko tsokana ce. "Da bakinai?"

"Da bakinai. Sau biyu. Yac ce ka zo ka amshi guga, ya gaji."

Ƙaton mutumin nan ya sulale ya zauna a ƙasa, gwangwani ɗaya a hannunsa. Ya yi ta juya gwangwanin. Can ya ce, muryarsa ba ta fita sosai, "Hwaɗa mini yadda yah hwaɗe shi." Na faɗa, na kwaikwayi muryar Baba iyakar iyawata. Ya sa hannun riga ya rufe fuska. Na bar shi a nan na koma wajen ɗana.

Kafin azahar keken ya ɓace daga zaure, da shi da babban goran Inna. Yana azumi, rana tana tsaka, bai gaya wa kowa inda za shi ba. Wunin nan da kwanan nan na kasa zama fiye da kullum, har Inna ta daina yi mini magana don ita ma kunnenta yana ƙofa. Sai washegari dab da magariba ya shigo, ƙafafunsa duk ƙaya, idonsa ya faɗa. Ya bi sawun Fulanin nan har rugarsu a ƙetaren iyaka. Ya sauke goran naɗe da jiƙaƙƙen buhu a ƙofar ɗakin Inna, ya dubi sama ya ce wa iska, "A dama ma tsoho." Inna ta dubi ƙasa ta ce wa tabarya, "An ji."

Kindirmo ne mai kyau, ya ɗan yi tsami a hanya, daidai yadda Baba yake so. Da asuba na kai masa ƙwaryar. Ya kurɓa da ludayi, ya tsaya, ya sake kurɓa.

"Nonon ga na Hilanin ƙetare na. Wa yak kai can?"

"Mai keke."

Baba ya dubi cikin ƙwaryar. Sannan ya ɗaga murya fiye da yadda ake bukata don ni da ke gabansa, ya ce, "Hanyar akwai nisa." Ya shanye tas har ludayi yana kankarar ƙwarya. Yaya yana gindin rumbu a wurinsa na kullum.

Sauran azumin Baba ya ƙarasa shi lafiya. Bayan Salla Yaya ya karɓi jigon ba tare da an ce masa ba, Baba ya koma zama a gindin mangwaro yana nuna kwamin da bai sha ba da sanda. Ranar da Baba ya rama azuminsa, aka wayi gari Yaya ma bai karya ba, ya ce wai ba ya jin yunwa. Suka sha ruwa a zaure ɗaya, ɗaya yana duban bango ɗaya yana duban ƙasa. Shayin kuwa ni da Inna muka shanye shi da daddare a hankali, kuma gaskiya yana da daɗi in ba za ka wuni a rana ba.

Baba ya ƙara shekaru masu dama, bai sake shan azumi ba, bai kuma sake faɗin sunan ba har ya koma ga Allah. Ban sani ba ko ya tuna ya taɓa faɗa. Yaya kuwa ya yi iyali, ya bar keke ya hau babur, ya tsufa ya bar babur ɗin ma. Amma duk azumi, a goman ƙarshe, sai ya sa an kawo shi gidana da goran nono. Mu sha ruwa, mu yi faɗanmu na kullum, in ce ya cika taurin kai, ya ce bakina ya fi ni tsawo. In yara sun watse sai ya matso, ya rage murya, ya ce, "Ƙaƙa ma tsoho yac ce?" Ni kuma in faɗa masa.

Bara bayan Salla Yaya ya rasu. Azumin bana babu wanda ya zo ya tambaye ni. Da na gama sahur na ajiye ludayi, na faɗi sunan sau biyu, na biyun a hankali, yadda Baba ya faɗa.